Kemo da Neman Abinci: Wa Zai Riƙe wa Mai Ciwon Daji Aikinsa a Rano da Kibiya?

Duk magidancin da likita ya shaida wa cewa ciwon daji ne a cikinsa, kuma za a fara masa kemo, wato maganin daji da ake sakawa ta ƙarin ruwa, akwai tambayar da ke biyo bayan salati da jimami: "To likita, zan iya ci gaba da fita nema?" A ƙasashen da ma'aikaci ke da inshora da dogon hutun jinya, amsar tana hannun mara lafiyar, in ya so ya fita, in ya so ya zauna. A ƙananan hukumomin Rano da Kibiya na Jihar Kano kuwa, inda yawancin gidaje suka dogara da gona da kasuwa da ɗan albashin ƙaramar hukuma, hannun da ake sa wa ƙarin ruwa shi ne ke kawo cefane, shi ne kuma ake jira ya nemo kuɗin magani na gaba. A ganina gidajenmu kan yi ɗaya daga cikin kuskure biyu: ko a kwantar da mutum a ƙwace masa komai da sunan tausayi, ko a zuba masa ido ya yi ta fafutuka kamar lafiyarsa ƙalau. Abin da ya dace shi ne a bar masa ragamar aikinsa, a sauke masa nauyin aikin, a kuma tsara ranakun fitarsa bisa zagayen maganin. Wannan tsari ya fi ƙarfin mara lafiya shi kaɗai. Sai dangi da shugaban wurin aiki da hukuma sun sa hannu.

Na zaɓi dajin fankiriyas ne domin a kansa tambayar ta fi tsanani. Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, ita ce kuma ke samar da insulin mai daidaita sukari a jini. Saboda a ɓoye take can ciki, ciwon kan girma ba a sani ba. Alamunsa na farko ciwo ne a saman ciki da ke bugawa baya, rashin son abinci, rama, wani lokaci ciwon sukari da ya zo ba zato, sai kuma shawara: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Mutumin Tarai ko Saji da ya ji haka, olsa ko taifot zai fara zargi, ya sayi magani a kemis, in shawara ta bayyana a jiƙa masa saiwoyi, watanni su wuce kafin a kai ga ɗaukar hoton ciki. Ko a ƙasashe masu arziki, kusan mutum takwas cikin goma ana gano ciwon ne bayan ya wuce matakin tiyata. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna sababbin masu ciwon kimanin 511,000 a shekarar, waɗanda suka rasu kuma kimanin 467,000. A Amurka, waɗanda ke kai shekara biyar bayan gano ciwon kusan 13 ne cikin 100. Alƙaluman ba su da daɗin ji, amma su ne ke sa kowane wata na mai wannan ciwo ya zama abin tattali.

Kemo zagaye ne, kuma wanda ya fahimci zagayen ya fahimci rabin amsar. Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko jemsitabin ce, wadda aka fara dogara da ita tun 1997: ƙarin ruwa na kamar rabin sa'a, sau ɗaya a mako har mako uku, a huta na huɗu. Ta biyu haɗin magunguna ne da ake kira FOLFIRINOX, wanda binciken likitocin Faransa ya tabbatar a 2011 cewa ga waɗanda ciwon ya bazu a jikinsu yana kai matsakaicin tsawon rayuwa wata 11.1, a inda jemsitabin ke kai 6.8. Sai dai yana da nauyi. Duk kwana 14 ake yin sa, ana shafe sa'o'i a asibiti ranar farko, sannan wani magani ya ci gaba da shiga jiki na sa'a 46. Inda babu ƙaramin famfon da ake rataya wa mutum ya tafi gida da shi, kwanciya ake yi. Irin wannan jinya ta manyan asibitoci ce, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ga mutumin Kibiya ke nan, sai ya biyo ta Rano da Bunkure ya ɓullo titin Zariya, ya tsaya a gwada jininsa, ya jira sakamako, sannan a sa ruwa. Wata shida na jemsitabin zuwa 18 ne. Wata shida na FOLFIRINOX zagaye 12 ne, in an lissafa kwana uku-uku ya zama kwana 36, ban da ranakun da jiki ke kwance bayan an dawo gida.

Abin da maganin ke yi wa jiki shi ke nuna irin aikin da zai yiwu. Ɗaya daga cikin magungunan haɗin, okzaliflatin, yana sa jijiyoyi su ƙi sanyi. Mutum zai sa hannu a randa da asuba a lokacin hunturu don alwala, ya ji kamar lantarki ya ja shi. Ya kurɓi ruwan leda mai sanyi ya ji maƙogwaro ya shaƙe. Shi ya sa a irin wannan gida ake ajiye ruwan ɗumi a filas. In zagaye ya yi nisa, yatsu kan yi dundumi, har sa maɓallin riga ko zura zare a allura ya gagara, wanda ga tela ko mai ɗinkin hula babban al'amari ne. Irinotikan yana jawo gudawa, gudawa kuma a zafin Afrilu na ƙasar Kano tana zuƙe ruwan jiki cikin sa'o'i. Mafi haɗari shi ne faɗuwar ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, wadda kan yi tsanani tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa magani. A wannan tsakani, cunkoson kasuwa, ƙurar sussuka, kwasar taki a garke da tsayuwa cikin ruwan fadama duk ƙofofin cuta ne. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga mai shan kemo maganar gaggawa ce, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. A yankin da kowane zazzaɓi ake ce masa maleriya a aiki yaro kemis, wannan gargaɗi kaɗai yana iya ceton rai.

Masu cewa a kwantar da mara lafiya ɗungurungum suna da hujja, kuma daga zuciya take fitowa. Suna cewa lafiya uwar jiki, ga kuma abin kunya a ga dattijo da rawayen ido yana zaune a shago alhali 'ya'yansa na raye. Amma likitanci bai goyi bayan kwanciyar dole ba. Dajin fankiriyas na daga cikin waɗanda suka fi cin naman jiki, kwanciya kuma tana ƙara saurin zaizayewar tsoka. Ciwon yana daga cikin masu sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, rashin motsi kuma yana ƙara wannan haɗari. Likitocin daji suna da ma'auni da suke duba ƙarfin mutum da shi, daga wanda ke harkokinsa kamar da, zuwa wanda ke iya ƙaramin aiki, har zuwa wanda ba ya tashi daga gado, kuma haɗin magani mai ƙarfi sai ga na matakai biyun farko ake ba da shi. Wato wanda aka kwantar har ƙafafunsa suka mutu yana iya rasa damar maganin da ya fi amfani. Gajiyar kemo ma, bincike da dama ya nuna tafiya a ƙasa da ɗan motsa jiki suna rage ta fiye da wuni a kwance. Akwai kuma abin da ba a aunawa a ɗakin gwaji. Magidancin da aka daina shawara da shi, aka karɓe makullin rumbu, ake magana a kansa yana zaune, ya ji a ransa an gama da shi. Wanda har yanzu ake zuwa a ce, "Baba, dillali ya taya kaza, a sallama?" yana da dalilin tashi da safe.

A ɗaya gefen akwai masu kawo misalin jarumai. Masu kallon ƙwallo sun san Gianluca Vialli, tsohon ɗan wasa kuma kocin Chelsea, wanda aka gano masa wannan ciwo a 2017 amma yana cikin jagororin tawagar Italiya da ta ci kofin Turai a 2021. Akwai Ruth Bader Ginsburg, alƙaliyar Kotun Ƙolin Amurka, da aka yi wa tiyata a 2009, ta kuma ci gaba da aiki tana shan kemo a 2020 har ta rasu a watan Satumba na shekarar tana da shekara 87. Gaskiya ne sun yi aiki. Sai dai a duba irin aikin. Vialli shawara da ƙarfafa gwiwa yake bayarwa. Ginsburg karatu da rubutu take yi, da mataimaka kewaye da ita, har daga gadon asibiti ta taɓa sauraron shari'a ta waya. Babu wanda a cikinsu ya yi huɗa da garma ko ya ɗora buhun masara a kan babur, babu kuma wanda kuɗin maganinsa ya dogara da fitar ranar. A Disamba 2022 Vialli da kansa ya sanar da ajiye aikin don ya fuskanci jinya, ya rasu a Janairu 2023. Darasin da ke cikin labarinsu shi ne an gyara musu aiki ya dace da jikinsu, sun kuma iya ajiyewa a lokacin da suka ga dama. Wanda ya kawo sunansu don ya ce wa manomin Rurum ya daure, ya ɗauko rabin labarin ne.

A nan maganar kuɗi ta shigo, kuma ita ce ƙashin bayan matsalar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa fiye da mutum 9 cikin 10 na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba na albashin hukuma ko kamfani ba ne, wato ba su da hutun jinya ko na kwana ɗaya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun mutane yake fitowa. Ga ma'aikacin da Dokar Ƙwadago ta shafa, abin da ta tanada shi ne albashin kwana 12 na aiki a shekara idan likita ya tabbatar da rashin lafiya. A ajiye wannan kusa da kwana 36 ɗin da muka lissafa. A Ingila, dokar daidaito ta 2010 tana ɗaukar mai ciwon daji a matsayin wanda ya cancanci kariya daga ranar da aka gano ciwon, wajibi ne kuma a sassauta masa aiki. A nan gida, asusun tallafin masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, ban da fankiriyas. Akwai shirin rage farashin magungunan kemo da aka ƙaddamar a 2019, wanda asibitin Malam Aminu Kano na cikin na farko da suka shiga, kuma ya kamata kowane majinyaci ya tambaya a kansa. Amma tun cire tallafin man fetur da faɗuwar naira a 2023, kuɗin mota da na maganin da ake shigowa da shi sun tashi tare. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne. Mutumin da ke wannan hali tilas ce ke fitar da shi, ko jiki ya yarda ko bai yarda ba, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To yaya gyaran aikin yake a aikace? Ga manomi, aikin gona kashi biyu ne: na hannu da na kai. Sharar gona, noman firi, maimai, feshin maganin ciyawa da ɗaukar dami su ne za a ɗauke masa, ta hanyar 'ya'ya ko 'yan ƙwadago ko gayya. Zaɓen iri, lokacin shuka, sayen taki, ranar da za a fitar da amfani kasuwa, waɗannan su zauna a hannunsa, ya leƙa gona da hantsi ko da yamma a ranakun da jiki ya saki. Idan dole a samu kuɗi, bayar da gona haya na damina ɗaya ya fi sayar da ita, domin jinya tana ƙarewa, marayu kuma gona suke gado. Ga ɗan kasuwa, yaro ya tsaya a rumfa, shi ya riƙe littafi da waya, ya guji ranar cin kasuwa a makon da garkuwar jiki ke ƙasa. Ga malamin firamare a Durba ko Lausu, a cire shi daga aji mai cunkoso a wannan makon, a ba shi duba jarrabawa da tsara darussa. Kada a manta da mata. Aikinsu ba ya cikin takardar albashi, shi ya sa ba a tunanin ba su hutu: daka, surfe, ɗiban ruwa, tsayuwa kan murhu cikin hayaƙi, ga kuma ƙuli-ƙuli ko awarar da ake tura yara talla. Matar da aka dawo da ita daga kemo tana bukatar a ɗauke mata girki kamar yadda ake ɗauke wa mai jego, ba tare da an rushe mata sana'a ko adashinta ba.

Shugaban ma'aikata zai ce: wa zai biya albashin wanda ba ya zuwa, alhali ana fama da ma'aikatan bogi da masu fakewa da ciwo? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin yanayin kemo kansa. Babu jinyar da ta fi shi sauƙin tantancewa: akwai kati, akwai ranakun da aka rubuta tun kafin su zo, akwai sa hannun likita. Sakataren ilimi ko shugaban sashe zai iya sanin ranakun da ma'aikacinsa ba zai zo ba wata guda kafin lokacin, ya shirya wanda zai riƙe. Masu wannan lalura a kowace ma'aikata ƙalilan ne, lokacin kuma watanni ne. Sannan abin da ake yi yanzu ma yana da tsada, sai dai a ɓoye: ma'aikaci yana jan jiki ya zo ya sa hannu don tsoron a tsayar da albashi, ko ya dogara da alfarmar shugaba wadda za ta iya gushewa ranar da aka yi canjin wurin aiki. Rubutacciyar ƙa'ida ta fi alfarma, domin tana kare shugaban kamar yadda take kare ma'aikacin.

Duk wannan tsari yana rushewa idan aka ɓoye wa mara lafiya ciwonsa. Al'ada ce da ta zama ruwan dare: a ja babban ɗa gefe a gaya masa, a ce wa uban "ɗan ƙari ne, za a wanke." Niyyar kyakkyawa ce, kada hankalinsa ya tashi. Amma wanda bai san abin da ke damunsa ba zai yi shirin damina kamar kowa, ya karɓi bashin taki, ya ƙi zuwa zagaye na biyar don ya ji sauƙi, ko ya saurari mai cewa daji ba ya son allura ya koma wurin mai magani. Babu wanda zai tsara aikinsa bisa jadawalin da aka ɓoye masa. Musulmi kuma yana da haƙƙin ya san halin da yake ciki don ya biya bashi, ya mayar da amana, ya bar wasiyya. Ana iya faɗin gaskiya da taushi, a hankali, a gaban wanda ya amince da shi. A wurin aiki ma, shugaba da wanda zai riƙe aikin kaɗai ke bukatar sani, kuma amana ce a wuyansu.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa: tunda ciwon haka yake, me ya sa za a ɓata sauran kwanaki tsakanin mota da ofis? A wani mataki suna da gaskiya, kuma tsarin da nake karewa ya haɗa da sanin ranar ajiyewa. Sai dai ba kowa ne ke mataki ɗaya ba. Ga waɗanda aka samu yi wa tiyata, wani bincike na Faransa da Kanada a 2018 ya nuna cewa da kemo mai ƙarfi bayan aikin, matsakaicin tsawon rayuwa ya haura shekara huɗu. Irin wannan mutum yana bukatar aikin da zai koma. Ga wanda ciwon ya bazu, aiki yana da amfani ne muddin yana ba shi natsuwa. Idan nauyinsa na ta raguwa, ko ana ɗage masa magani saboda jini bai farfaɗo ba, ko yana shafe fiye da rabin wuni a kwance, lokacin miƙa ragama ya yi, kuma babu gazawa a ciki. Addinin da ya yi wa mara lafiya rangwame a azumi da tsayuwar salla bai ɗora masa fita kasuwa ba. A nan ne kulawar rage raɗaɗi ke da muhimmanci: maganin ciwo mai ƙarfi, ƙwayoyin da ke taimaka wa narkar da abinci, daidaita sukari. Wani bincike a Amurka a 2010 kan masu dajin huhu ya nuna cewa waɗanda aka fara wa wannan kulawa da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, sun ma fi daɗewa. Abin da bai kamata ba shi ne talauci ya yanke wa mutum hukuncin da shi da likitansa ya kamata su yanke.

Saboda haka kira nake yi. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Gwamnatin Jihar Kano su rubuta ƙa'idar hutun kemo da sassauta aiki ga ma'aikatansu, da cikakken albashi. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta duba yadda magungunan daji za su shiga tsarinta. A haɗa Babban Asibitin Rano da likitocin daji na Kano, yadda za a riƙa gwajin jini a gida kwana guda kafin tafiya, kada mutum ya biya kuɗin mota ya isa birni a ce jininsa bai kai ba, kuma ma'aikatan ɗakin gaggawa su san zazzaɓin mai kemo ba ya jiran layi. Masarautar Rano da limamai su ja hankalin masu fitar da zakkar amfanin gona zuwa gidajen da jinya ta cinye, su kuma farfaɗo da gayya don gonar mara lafiya. Kai kuma mai karatu, in kana da ɗan'uwa a wannan hali, ka tambayi likita jadawalin maganinsa, ka sayi ma'aunin zafin jiki ka ajiye a ɗakinsa, ka ɗauke masa aikin ƙarfi, ka bar masa shawara. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.